Ƙayyade Gudun Mota a Manyan Hanyoyi: Jawabi Ga Direbobi da Masu Motocin Haya



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a yi bayani a kan wata magana wadda ta daɗe tana jawo gardama a tashoshin mota da majalisun dokoki da shafuffukan jaridu, watau maganar iyakar gudun da doka ta yarda mota ta yi a kan babbar hanya. Wasu suna ganin dokar ta takura wa mai neman abinci, tana ɓata masa lokaci, ba ta kuma hana abin da zai faru faruwa. Wasu kuwa suna ganin ita ce katangar da ke tsakanin matafiyi da makabarta. Masu sukar dokar ba jahilai ba ne, da yawa daga cikinsu sun shekara ashirin ko talatin suna riƙe da sitiyari tsakanin Kano da Ikko, ko tsakanin Maiduguri da Anacha. Saboda haka ya kamata a saurari hujjojinsu, a auna su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a ga abin da ya tsaya da abin da ya faɗi.

Girman Al'amarin

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya a duniya baki ɗaya, kuma babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe yara da samari masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ita ce ta fi kowace shan wannan wahala in an dubi yawan jama'a, ko da yake ita ce mai ƙarancin motoci. A Nijeriya kuwa, waɗanda hukuma ta rubuta mutuwarsu a kan hanya sun haura 5,000 a kowace shekara daga 2019 zuwa 2023. Wannan adadi na waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma ne kaɗai. A bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai gida, akwai mata da 'ya'ya, sau da yawa kuma akwai tsofaffin da shi ne ke ci da su.

Ƙasar nan ba yau ta fara fama da wannan matsala ba. A ran 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi a hannun dama. Arzikin man fetur na shekarun nan ya sa motoci suka yawaita, aka shimfiɗa sababbin hanyoyi, har aka buɗe tagwayen hanyar Ikko zuwa Ibadan a 1978. Da hanya ta yi santsi sai gudu ya ƙaru, gawawwaki kuma suka ƙaru. A 1974 Gwamnatin Tarayya ta kafa wata hukuma don lura da lafiyar hanya, Jihar Oyo ta kafa tata rundunar a 1977, sa'an nan a watan Fabrairu na 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Rahotannin da wannan hukuma take fitarwa shekara-shekara sun sha nuna cewa gudun wuce ƙa'ida shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke haddasa haɗari.

Abin da Doka Ta Ce

Kundin ƙa'idojin hanya na Nijeriya ya raba hanyoyi kashi uku: cikin gari, babbar hanya ta tsakanin garuruwa, da tagwayen hanya irin ta Ikko zuwa Ibadan. Ƙaramar motar gida an yarda ta yi kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas, 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Tanka da tirela kuwa, 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya.

Lalle ne a fahimci cewa waɗannan lambobi iyaka ce ta ƙarshe, wadda aka yanka don lokacin da hanya take a bushe, gari a waye, mota da lafiyarta, direba kuma a wartsake. In ana ruwa, ko hazon hunturu ya rufe gaba, ko dare ya yi, ko an iso kasuwar bakin hanya, to, hali ne ke nuna gudun da ya dace, ko da allon bakin titi ya ce 80.

Yadda Gardamar Ta Gudana a Wasu Ƙasashe

Babu ƙasar da ta fi Amurka gwada wannan al'amari, domin ta rage gudu, ta ƙara, ta kuma saki, ana ƙidayar matattu a kowane mataki. A 1973 ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin man fetur, mai ya yi wuya. Don a yi tsimin mai, sai Shugaba Nixon ya sa hannu a kan wata doka a watan Janairu na 1974, wadda ta ƙayyade gudu a mil 55 a awa, watau wajen kilomita 89, a ƙasar duka. Ba don ceton rai aka yi dokar ba, amma abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki: waɗanda suka mutu a hanya sun ragu daga wajen 54,000 a 1973 zuwa wajen 45,000 a 1974.

Masu sukar dokar suka ce ai mutane ne suka rage tafiye-tafiye saboda tsadar mai, kuma akwai gaskiya a cikin wannan magana. Amma da masana suka zauna a 1984 suka tace lissafin shekara goma, suka cire rabon ƙarancin tafiya da na sauran dalilai, sai suka ƙiyasta cewa dokar ita kaɗai tana ceton rai 2,000 zuwa 4,000 kowace shekara. Duk da haka direbobi ba su daina gunaguni ba, musamman masu manyan motoci da mazauna jihohi masu dogayen hanyoyi. A 1987 aka yarda a kai mil 65 a wasu manyan hanyoyin karkara, a 1995 kuma aka soke dokar gaba ɗaya, aka bar wa kowace jiha ta yanka tata iyakar. Wani bincike da cibiyar kamfanonin inshora ta ƙasar ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa ƙare-ƙaren iyakar gudu da aka yi daga 1993 zuwa 2017 sun ci rai wajen 37,000.

Ingila ta sa iyakar mil 70 a awa a kan manyan hanyoyinta a ƙarshen 1965, da fari don gwaji, daga bisani ta tabbatar da ita a 1967. Faransa ta rage iyaka daga kilomita 90 zuwa 80 a kan ƙananan hanyoyin karkara a ran 1 ga Yuli 2018, mutanen karkara suka tayar da ƙayar baya, har gwamnati ta bar wa larduna damar komawa 90 a wasu hanyoyi. Wannan ya nuna cewa ko'ina a duniya dokar gudu ba ta da farin jini. Ya kuma nuna cewa rashin farin jini dabam, rashin amfani dabam.

Hujjojin Masu Suka

Hujja ta farko ita ce ta Jamus. Akan ce a can akwai hanyoyin da ba a ƙayyade gudu ba, amma ga shi haɗarinsu bai kai na Nijeriya ba. Gaskiya ne cewa a kan sashe mai yawa na manyan tagwayen hanyoyin Jamus ƙananan motoci ba su da iyaka ta dole, sai dai shawarar kada a wuce kilomita 130. Amma sauran labarin, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne a kan waɗannan hanyoyi ɗin manyan motocin kaya ba su da izinin wuce 80. Hanyoyin an killace su, babu mai tafiya a ƙasa, babu garken shanu, babu kasuwa, babu mai juyo da mota a tsakar titi, babu kuma wanda zai biyo hannun da ba nasa ba. Kowace mota sai an duba lafiyarta a kan ƙa'ida. A sauran hanyoyin karkara na ƙasar kuwa iyaka 100 ce, cikin gari 50. Duk wanda ya bi ta Tafa, ko Mararrabar Jos, ko Ogere, ya ga tankoki jere a gefen titi, yara masu talla suna ratsawa tsakaninsu, ya san wannan misali bai zo nan ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi. Masu ita sun ce bambancin gudu tsakanin motoci shi ke kawo karo: tirela tana jan ciki a 40, ƙaramar mota ta taso a 100, dole a yi ƙoƙarin wucewa, a nan ne kuma ake yin gaba da gaba. Wani mai bincike a Amurka, David Solomon, ya fito da irin wannan bayani tun 1964, kuma injiniyoyin hanya sun yarda cewa bambancin gudu yana da haɗari. Sai dai maganin bambanci shi ne a jawo na sama ya sauko, a kuma gina layin hawa na musamman ga manyan motoci a wuraren tudu. In aka ce kowa ya ƙara wuta don a daidaita, to, ko da yawan karo bai ƙaru ba, muninsa zai ƙaru. Abin da masanin nan na Suwidin, Göran Nilsson, ya nuna, wanda kuma Hukumar Lafiya ta Duniya take kafa hujja da shi, shi ne in matsakaicin gudun motoci a kan hanya ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, haɗarin da ke kisa yakan ƙaru da wajen kashi 4 cikin 100.

Hujja ta uku ita ce ta lalacewar hanya. Direba zai ce rami ne ke kisa, gwamnati ta gyara hanya tukuna kafin ta zo da maganar gudu. Haƙƙin gyaran hanya yana wuyan gwamnati, babu ja a kan wannan. Amma ramin da mota za ta faɗa a 40 ta fasa taya, shi ne za ta faɗa a 120 ta wuntsila. Har ila yau, an sha gani a ƙasar nan cewa da zarar an sabunta kwalta sai munanan haɗurra su yawaita a wurin, domin hanyar da ta yi santsi tana ruɗin ƙafa.

Hujja ta huɗu ita ce ta tsaro. Direbobi suna cewa a dajin da ake fashi ko satar mutane, wanda ya yi sanyin tafiya ya miƙa kansa. Wannan tsoro na gaske ne, ba kuwa za a raina shi ba. Amma ɓarayin hanya ba tseren mota suke yi ba, gungume ko duwatsu suke girkawa a tsakar titi, galibi a bayan kwana ko inda hanya ta lalace. Wanda ya iso shingen a 130 ba shi da damar tsayawa, balle ya juya. Wanda ya hango shi daga nesa a 80 shi ne ke da zaɓi. Abin da ya fi gudu amfani a nan shi ne a guji tafiyar dare a wuraren da aka sani, a riƙa tafiya a ayari, a kuma ƙara jami'an tsaro a kan hanya.

Hujja ta biyar ita ce ta ajali: in kwana ya ƙare, ko a kan gado ne sai an tafi. Babu mai musun ƙaddara. Amma mutumin da ke wannan magana yakan kulle shagonsa da dare, yakan kai ɗansa asibiti in zazzaɓi ya kama shi, yakan kuma duba mai da ruwa kafin ya tayar da mota. Malaman addini, na Musulunci da na Kirista, sun haɗu a kan cewa ran fasinja amana ne a hannun direba. Wanda ya ɗauki mutum goma sha takwas ya ƙure maleji da su, ya yi wasa da abin da ba nasa ba.

Lissafin Birki

Akwai wani lissafi wanda ba ya sauraron gardama, ba ya kuma duban ƙwarewar direba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta bar totur ta taka birki, direba mai kuzari yakan ɗauki wajen daƙiƙa ɗaya, gajiyayye kuwa ya fi haka. Bayan an taka birki, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka sau biyu, nisan birki yakan ninka sau huɗu. A kan busasshiyar kwalta, da taya mai kyau da birki mai kyau, motar da ke 60 za ta ja wajen mita 20, wadda ke 120 kuwa wajen mita 80.

Alal misali, a ɗauka ga ƙananan motoci biyu kafaɗa da kafaɗa a kan tagwayen hanya, ɗaya tana 100, ɗaya tana 120. Suka hango tirela ta mutu a tsakar titi, nisan mita 83, babu alama sai ɗan ganyen da aka zuba. Direbobin biyu suka taka birki bayan daƙiƙa ɗaya. Mai 100 zai tsaya dab da tirela, ya fito yana salati. Mai 120 kuwa, sa'ad da ya iso wurin, motarsa tana bisa gudun fiye da kilomita 70 a awa. Bambancin da ke tsakaninsu a maleji 20 ne kacal, amma a wurin karo ya zama 70. Karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, watau kamar daga saman bene mai hawa uku. Karo a 70 kuwa ya kusa ninka wannan. In motar bas ce cike da mutane da kaya a bisa, ko tirela ce ɗauke da shanu ko buhunan albasa za ta Ikko, ko kuwa tayoyin sun suɗe, nisan tsayawa ya fi wanda aka ambata nesa ba kusa ba.

To, me ake saye da wannan kasada? Hanyar Ikko zuwa Ibadan wajen kilomita 127 ce. A gudun 100, tafiyar minti 76 ce. A 120, minti 64. Ribar duka ba ta wuce minti 12 ko 13 ba, abin da bai kai zaman cin tuwo a tasha ba. Daɗin daɗawa, mota ta fi shan mai a babban gudu, taya ta fi zafi da saurin fashewa, inji kuma ya fi saurin tsufa. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.

Na'urar Ƙayyade Gudu

Da yake jami'an hanya ba za su iya tsayuwa a kowace kilomita ba, sai aka koma ga na'urar da ake ɗaura wa inji, wadda ke hana mota wuce gudun da aka saita mata ko da direba ya take totur har ƙasa. Ƙasashen Turai sun wajabta ta a kan manyan motocin kaya da manyan bas-bas tun dokar da suka yi a 1992. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara da jan kunne a ran 1 ga Oktoba 2016, sa'an nan ta fara tilasta ta a kan motocin haya a ran 1 ga Fabrairu 2017.

An soki wannan mataki ta fuska uku: tsadar na'urar, barin motocin gida da na manya ba tare da ita ba, da kuma sauƙin kwance ta a wurin bakanike. Ƙorafi na biyu yana da ƙarfi, domin dokar da ta kama direban bas ta ƙyale jerin gwanon manya masu jiniya, da wuya talaka ya girmama ta. Amma dalilin farawa da motocin haya a fili yake: su ne ke ɗauke da rayuka masu yawa a lokaci guda, su ne kuma suka fi daɗewa a kan hanya. Wajibi ne kuma a tuna cewa na'urar ba ta san ruwa ba, ba ta san kasuwa ba. Bas ɗin da aka saita a 90 tana iya ratsa ƙauye a 90 ta yi ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mai tafiya a ƙasa wanda mota ta buge a 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda ta buge a 50 har sau huɗu da rabi. Saboda haka na'ura mataimakiya ce, hankalin direba shi ne asali.

Aikin da Ke Kan Kowa

Ba adalci ba ne a ɗora wa direba laifin duka. Sau da yawa ƙafarsa ce a kan totur, amma wani ne ke danna ta. Mai motar da ya yanka balas mai nauyi, wanda ba ya fitowa sai an yi sawu biyu a inda ya kamata a yi ɗaya, shi ma yana da hannu. Haka falken da ya yi wa direba alkawarin goro in tumatir ya isa kasuwa kafin asuba, da fasinjan da ke yi wa direba ba'a wai yana tafiyar hawainiya.

Saboda haka ana roƙon masu motoci su yanka balas daidai da tafiyar ƙa'ida, su sa direba biyu a doguwar tafiya, su kuma daina sayen tsofaffin tayoyi. Ana roƙon shugabannin tasha su hana sayar da ƙwayoyi da kayan maye a harabarsu, su hana ɗora mutane a kan kayan tirela, su kuma cire duk direban da aka san shi da ganganci daga layin lodi. Fasinja yana da haƙƙin ya yi magana cikin ladabi in ya ga gudu ya yi yawa, sauran kuma su goya masa baya maimakon su yi shiru. In haɗari ya auku, ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122 kyauta. Hukumomi kuma nasu nauyin shi ne su kafa alamun hanya a inda ido zai gani, su gyara ramuka, su janye matattun motoci da gaggawa, su gina gadojin tsallakawa a garuruwan bakin hanya, su kuma zartar da doka a kan babba da yaro ba sani ba sabo.

Ana iya ci gaba da muhawara a kan ko 90 ce ta dace da wata hanya ko 100, wannan aikin injiniyoyi ne da 'yan majalisa, ƙofar gyara kuma a buɗe take. Abin da ƙidayar shekaru hamsin ta tabbatar a ƙasashe dabam-dabam shi ne, inda gudu ya hau, makoki yakan yawaita, inda ya sauka kuma yakan ragu. Gwanin direba shi ne wanda ya tsufa a kan sana'arsa, ya ajiye makulli da hannunsa, babu jinin kowa a wuyansa. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa kowane matafiyi ya sauka gidansa lafiya.